Zankon Tatsuro da Gashin Inna

Noshiro, 11 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga ƙanina Tatsuro,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci kamar mutum. Ni ina nan ƙalau, in ban da ciwon bayan nan da ya zama abokin zamana. Sanyi ya shigo da wuri bana, iskar teku tun hantsi take bubbuga ƙofar shago.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Inna ta faɗi ranar Larabar makon jiya, tana shanya tawul a bayan shago. Likita ya ce jijiya ce ta toshe mata a ka. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannu da ƙafa, amma hankalinta na nan, tana magana in ka kasa kunne sosai. Sun ce ta tsallake mafi munin. Sau biyu na kira shagon da kake aiki. Wata yarinya ta ɗauka, kiɗa na tashi kamar ana rushe gida, ta ce ita ba ta san wani Tatsuro ba, sai dai in Hankaka nake nufi. Na ajiye wayar.

Yanzu da safe nake buɗe shago in yi aski har ƙarfe biyu, in rufe, in hau bas zuwa asibiti, in dawo in wanke tawul. Kujerar Baba tana nan a rufe da zane tun rasuwarsa, tawa kaɗai ke aiki.

'Yar gidan mai awara ta kawo mini wata mujallar matasa, wai ga hotonka a ciki. Sai da na daɗe ina kallo kafin in yarda. Gefe da gefen kai an aske tas, tsakiya gashi a tsaye kamar zankon zakara, ya fi taƙi biyu. Fuska fara fat da hoda, kwalli ya kewaye ido kamar wanda aka nausa, leɓe baƙi ƙirin. Rigar ciki raga ce, kamar komar masunta da ta yage, ta sama kuma fata ce duk ƙusoshi. Kunnuwanka na gane, su ne ba su canza ba.

Kafin yamma mujallar ta zaga layinmu kaf. Tsoho Kamada na kan kujera, kumfa a fuska, ya ce, "Wannan ɗan Hatakeyama ne? To in ya dawo ku kafa shi a gonar shinkafa, ko tsuntsu ɗaya ba zai sauka ba." Na ce masa, "Baba, daina motsi, aska ce a wuyanka." Ya daina, amma kafaɗunsa na rawa don dariya.

Shekara uku ka ce za ka yi a Tokyo ka koyi gyaran gashin zamani ka dawo. Bana tara ke nan. Ba gori nake maka ba, ba ni da ƙarfin gori yanzu.

Inna ma ta ga hoton. Na tambaye ta ko in ce maka ka zo. Ta juya fuska bango ta ce a'a, ba ta son ku haɗu a haka. Na faɗa maka kamar yadda ta faɗa.

Na aiko maka da shinkafar bana da busasshen kifi. Ka ci, kada ka rabar.

Yayarka,
Fusako


Koenji, Tokyo, 19 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Fusako,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan bayan ya yi sauƙi, jikin Inna kuma na ƙara kyau. Ni lafiya lau, sai ɗan tari da ba ya rabuwa da duk mai aiki a shagonmu. Shinkafa da kifi sun iso, na gode.

Maganar Inna na ji. Tana da gaskiya. Ba zan zo ba sai ranar da ta nema.

Tunda garin ya ga hoton, bari in gaya miki abin da hoton bai nuna ba. Ranar Asabar tun ƙarfe goma na safe ake layi a matakalar shagonmu, don duk mai zuwa wajen kiɗa yana son kansa ya tsaya kafin rana ta faɗi. Kai ɗaya yakan ci mini awa ɗaya da rabi. Sai in gasa gashin da ƙarfe mai haƙora ya yi lanƙwasa-lanƙwasa, in ɗauki ɗan kaɗan in taje shi baya-baya zuwa tushe har ya cukurkuɗe ya yi tauri, in fesa, in busar, in ɗauki na gaba. In zanko ne, mai shi yakan kwantar da kai gefe a kan katako ina gogewa kamar mai gugar riga. Ranar da aka yi ciniki mukan ƙarar da gwangwanin feshi goma sha biyar. Shizu, mai shagon, ta ce in muka mutu ba sai an kai mu wurin ƙona gawa ba, ashana ɗaya ta isa.

Gefen kan da kika ce an aske tas, da aska nake yinsa, ba da inji ba. A unguwar nan ni kaɗai na iya riƙe aska irin riƙon Baba, shi ya sa suke jira na.

Kuma ba aljanu ba ne, Yaya. Akwai wata Mayuri, a banki take aiki, tana ƙirga kuɗin mutane tana sunkuyar musu da kai daga Litinin zuwa Juma'a. Shekara biyu tana rufe askin gefen kanta da hular gashi, ba wanda ya sani a wurin aikinta. Asabar sai ta zo da jakarta, ta cire hular, ta sa baƙar doguwar riga ta leshi da ta tsinta a gwanjo, ta yayyaga safarta da almakashinmu. In na gama tsayar mata da gashi takan kalli madubi ta ce, "Yauwa, ga ni." Ran nan na ce mata, "To waccan ta bankin wace ce?" Ta ce, "Wata baiwar Allah ce da ke ciyar da ni."

Baƙin kaya da farar fuska ba don tsorata kowa ba ne. Ni dai da na fara sa su na ji kamar an daina tambaya ta me ya sa ba na dariya.

Ki gaya wa Baba Kamada na ji saƙonsa. Ki ce masa mutum-mutumin gona ma aiki yake yi.

Ki gaishe da Inna, in tana son gaisuwar.

Ƙaninki,
Tatsuro


Koenji, 9 ga Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na ce da fatan, don ban sani ba. Mako bakwai ke nan ba amsa. Kullum sai na buɗe akwatin wasiƙu sau biyu, har matar mai gidan da nake haya ta tambaye ni ko budurwa ce ta yi yaji. Sau uku na kira wayar gida, ba a ɗauka. Na san kina asibiti a lokacin, amma wace awa ce ba kya asibiti ko aski ban sani ba.

Ina ta juya maganar Inna a raina. Da farko fushi na yi. Na ce uwa tana kwance, rabin jikinta ba ya motsi, amma abin da ya dame ta shi ne gashin ɗanta da abin da matan layi za su ce in ya shigo asibiti. Shi ya sa na cika miki takarda da labarin shago wancan karon, ina son ki gane ba lalacewa na yi ba.

Yanzu fushin ya ƙare, gajiya ce ta rage. In gashin nan ne ya tsaya tsakanina da ita, to gashi ne, ba hannu ba ne ko ƙafa. Talata mai zuwa shago a rufe yake, zan aske shi. Ina da wata tsohuwar kwat mai ruwan toka da na zo da ita garin nan, zan ga ko tana shiga na. Farcen ma zan goge baƙin. Ki gaya mata zan shigo kamar kowa, ba wanda zai waiwaya ya kalle ni.

Abu ɗaya nake roƙo, ki rubuto ko layi biyu ne. Tana raye? Tana cin abinci? In wani abu ya faru kuka ɓoye mini saboda kada in zo jana'iza da wannan kan, ban san yadda zan yi da ke ba.

Tatsuro


Noshiro, 13 ga Disamba

Tatsuro,

Muna lafiya, Inna na raye, tana cin abinci da hannun hagu. Gaisuwar ke nan.

Kai wawa ne, ni ma haka. Wa ya ce maka gashinka take nufi? Kanta take nufi. Bakinta ya karkace, idonta na dama ya zubo, yawu na zuba ba ta sani ba sai an goge mata. Ba ta son ka gan ta a haka. Ba kai kaɗai ba, ko matar mai awara da suka yi shekara arba'in suna ƙawance ta hana ta shiga. Ranar da na nuna mata hotonka abu biyu ta ce. Ta ce ka rame. Sannan ta kawo takardar kusa da idonta mai kyau ta ce, "Wannan gefen da aska aka yi shi. Hannun ubansa ne."

Ni kuma da na karanta amsarka, layi ɗaya kan uwarka, shafi biyu kan feshi da 'yar banki, sai na ce wannan yaro ya samu hanyar kuɓuta ya bi. Na jefa wasiƙar cikin aljihun tebur na rantse ba zan ƙara rubuta maka ba. Da na sake karanta tawa a zuci jiya, na ga yadda na jera maganar hoton da ta ƙin ganinka wuri ɗaya, sai na zauna a ƙasa a shago.

Na kira shagonku yau. Yarinyar nan ta ce kana tsakiyar kan wani, ba ka iya zuwa. Na ce ta gaya maka kada ka aske. Ta yi dariya ta ce, "Ai aski ne aikinsa, Anti," ta ajiye. Don haka ban sani ba ko wannan wasiƙar za ta riga almakashinka. Dusar ƙanƙara ta tare hanya tun shekaranjiya.

Ga wata damuwar. Ka san gashin Inna, tun aurenta ba ta yanke shi ba, har ƙugu yake. Wata biyu tana kwance a kansa, ba ta bari a taɓa, yanzu ya dunƙule a ƙeya ya zama kamar sheƙar tsuntsu, tauri kamar tabarma. Ma'aikatan jinya sun ce kafin sabuwar shekara za su yanke, don ƙasansa ya fara ciwo. Na gwada tajewa, ta yi kuka kamar yarinya, na bari. Ni kan maza na iya, saisaye da gyaran fuska. Da aka gaya mata za a yanke, kwana biyu ba ta taɓa abinci ba.

Ka zo. Ko ta ce a'a, ka zo. Da zankon ko babu, ni na gaji.

Fusako


Koenji, 16 ga Disamba

Yaya Fusako,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, yau kam da zuciya ɗaya. Wasiƙarki ta zo yau Laraba. Jiya na aske.

Shizu na fara roƙa. Ta ce, "Hankaka, ni ba na yanka abin da na yi shekara shida ina kiwo. Je ka nemi mahauci." Sai na karɓi makulli na shiga shagon ni kaɗai da hantsi. Na wanke shi tukuna, ya kwanto har tsakiyar bayana, sannan na sa almakashi, na bi da aska. Minti ashirin.

Na zaci zan yi kuka. Ban yi ba, kuma wannan ne ban gaya wa kowa ba sai ke. Da na tattara shi a ƙasa na ga abin da na daɗe ina kau da ido a kai. Rini da maganin koɗarwa sun cinye shi, in ka ja sai ya tsinke kamar tsohon zare. Tsakiyar kaina ta fara haske irin na Baba. Shekara biyu ke nan ina tashi awa ɗaya kafin kowa don in ɓoye wannan wurin. Shekarata talatin da ɗaya, Yaya. Waɗanda muka fara tare duk sun sa kwat sun shiga ofis, masu zuwa yanzu sukan ce mini Kawu. Da iska ta taɓa fatar kaina sai na ji kamar na sauke tulu.

To, dariyar da za ki yi ki yi ta yanzu, kafin in iso.

Maganar gashin Inna. Ki tsaya a bakin ƙofa ki hana su. Kada a yanke, kada kuma a zuba masa ruwa, ruwa ƙara ɗaure shi yake yi. Duk Litinin irin wannan kan nake warwarewa, na waɗanda suka kwana uku da feshi ba su wanke ba, wani ma mako biyu. Ban taɓa yanke na kowa ba. Ki nemo man tsubaki, man gashin nan, irin na 'yar kwalbar da take ajiyewa gaban madubinta, kwalba uku. Ki riƙa shafa kaɗan a inda yake ciwo. Mataji zan zo da nawa.

Ba zan iya barin Shizu kafin cinikin ƙarshen shekara ya lafa ba. Ranar ashirin da tara da safe ina tashar Noshiro. In kin ga wani mai ƙwalƙwal da kwat ɗin da ta matse shi, ni ne. Kuma ki shirya jakarki. Ranar da na iso, washegari za ki tafi wajen Goggo a Hirosaki ki yi mako biyu kina barci. Ba shawara nake ba ki ba.

Ƙaninki,
Tatsuro


Noshiro, 5 ga Janairu, 1988

Zuwa ga Yaya Fusako a Hirosaki,

Barka da sabuwar shekara. Da fatan kin isa lafiya, Goggo na lafiya, kina kuma yin abin da aka aike ki, wato barci. Mu nan lafiya. Tarina ya ragu, ban sani ba ko iskar teku ce ko rashin feshi.

Kin ga yadda Inna ta rufe fuska da bargo ranar da muka shiga. Bayan kin fita, na zauna a gefenta na fi rabin awa. Can ta leƙo da ido ɗaya, ta kalli kaina, ta ce, "Ina gashin?" Na ce na aske. Ta ce, "Wa ya sa ka?" Na ce ba kowa. Ta ce, "Banza. Ina son in ga yadda yake tsayuwa." Daga nan ta sauke bargon.

Kwana huɗu aikin ya ci. Nakan kwantar da ita gefe, in jiƙa dunƙulen da mai, in rufe da tawul mai ɗumi, sannan in fara daga can ƙarshen gashin da tsinken mataji, sili-sili, ina riƙe tushen da yatsu don kada ta ji ja. Awa biyu da safe, awa biyu da yamma, in ta gaji mu bari. Ranar farko ko taƙi ɗaya ban warware ba. Babbar mai jinyar ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, da almakashi minti biyar ne." Inna ta ce mata wani abu da ban ji ba, ita ta ji, ta fita ba ta dawo ba sai da magani.

Muna yi tana tambaya. Da me ake tsayar da shi? In ana ruwa fa? Yaya ake shiga jirgin ƙasa da shi? Na ce sunkuyawa ake yi. Ta yi dariya har yawu ya zubo, ta ji kunya, na goge na ci gaba kamar ban gani ba. Gashin da ya zube ya cika tafin hannu biyu, amma sauran na nan, har ƙugu. Na wanke, na busar, na naɗe mata shi a ƙeya yadda take yi.

Sai ta ce a ba ta madubi. Na so in hana, ba ta hanuwa. Ta daɗe tana kallon bakin da idon. Jakar kayana na nan, sai na ce, "Inna, bari in gwada wani abu." Ta ce, "Kada ka mai da ni irin 'yan shagonku." Na shafa mata hoda kaɗan, na ja kwalli siriri a idon da ya zubo, na ɗaga wutsiyarsa sama, na daidaita girar da ta ɗayan. Shekara tara ina koyon yadda ake sa mai rai ya yi kama da gawa, ashe hanyar ɗaya ce in ka juya ta. Bakin ba yadda zan yi da shi. Ta duba, ta duba, ta ce, "Kira mini matar mai awara."

Jiya ta zo. Sun yi awa biyu, na tsaya a waje ina jin su suna cin naman duk layin.

Shago na buɗe shi da safe kamar yadda kike yi. Ban san yadda kika yi wata uku a haka ba. Ni kwana shida, ƙafafuna sun kumbura.

Sai Alhamis ta makon gobe in kin dawo.

Tatsuro


Hirosaki, 9 ga Janairu

Ƙanina,

Na samu wasiƙarka, na karanta wa Goggo, ta yi kuka, ta ce a gaishe ka. Ina lafiya. Kwana biyun farko ban san inda kaina yake ba, sai dai a tashe ni in ci in koma.

Ba zan dawo Alhamis ba. Kuma wannan karon zan rubuta dalla-dalla, don kada ka karanta wani abu daban.

Akwai wani mutum, sunansa Funaki. Direban bas ne, da yana kan hanyar garinmu, yana zuwa aski duk wata, har aka mai da shi nan Hirosaki. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa ta yi aure. Sau uku ya neme ni cikin shekara huɗu. Sau uku ina ce masa ya bari sai ƙanina ya dawo. Shekaranjiya ya zo gidan Goggo da kwandon tuffa, ya zauna yana juya hularsa, ya ce, "Na ji an ce ƙanin ya dawo." Na ce, "Hutu ya zo." Ya ce, "To." Ya sha shayinsa ya tafi. Wannan "to" ɗin ya fi mini zagi ciwo.

Shekarata talatin da tara. Tun ina sha tara nake tsaye a shagon nan. Ban ce ka cuce ni ba, ni na zauna, ba wanda ya ɗaure ni. Amma ina son in tashi da safe in dafa abincin mutum biyu, in wanke tawul biyu, ba hamsin ba. Hirosaki ba nisa, zan riƙa zuwa wajen Inna duk mako in kwana biyu.

Na san abin da nake tambaya. Na karanta labarin 'yar bankin nan sau da yawa daga baya, na gane can ma akwai masu jiran hannunka. Ba roƙonka nake ba, na gaji da roƙo. Tambaya ce. Za ka zauna, ko ba za ka zauna ba? In a'a ne ka ce a'a, in dawo, ba zan riƙe ka a zuci ba. Amma kada ka ce mini shekara uku.

Ina nan gidan Goggo har amsarka ta zo.

Yayarka,
Fusako


Noshiro, 13 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Fusako,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Goggo. Inna na samun sauƙi, jiya ta tsaya da sanda har ta ƙirga goma. Likita ya ce wataƙila a sallame ta tsakiyar watan gobe. Ni ma lafiya, gashi ya fara tsirowa, yana ƙaiƙayi.

Zan zauna.

Na rubuta shi shi kaɗai a layi don kada ya gauraya da komai. Sauran kuma ga shi. Ban ce ina so ba. Garin nan ƙarfe shida ya mutu, ba inda ake kiɗa sai rediyon mai kifi. Jiya na yi kai bakwai, duk aski iri ɗaya, kowa "kamar na wancan watan." Na kira Shizu na gaya mata. Ta ce, "Dama na sani tun ranar da ka karɓi makullin nan." Ta ce Mayuri ta zo sau biyu ta koma da hularta a kai, ba ta yarda wani ya taɓa ta ba. Wannan ya dame ni har yanzu. Zan rubuta mata in gaya mata wanda za ta je wurinsa.

Amma can ɗin ma na gaji da shi, kin riga kin sani. In gajiya ce ko'ina, gara in yi ta a inda Inna take.

Shizu za ta aiko mini da kayana. Ki gaya wa mutanen gari tun yanzu, kwat ɗin nan na ninke ta, baƙaƙen kayana zan ci gaba da sawa. Wanda bai iya zama gaban wanzami mai baƙar riga ba, ga bas nan zuwa birnin Akita.

Na gaya wa Inna maganar Funaki. Ta ce, "Mai hular nan? Ai na zaci ya mutu da jira." Ta ce ki kawo shi ta gan shi, amma sai ranar da na gyara mata fuska.

Ki ba shi amsa yau, kada ki jira sai kin dawo. In kin zo za ki nuna mini inda ake sayen kananzir da yadda ake lallaɓa injin wankin nan, ya ƙi ni.

Sharaɗina ɗaya ne. Gashin aurenki ni zan yi. Kada ki ji tsoro, ba zan tsayar da shi ba. Shekara ashirin kina tsaye a bayan kujera, ban taɓa ganin kin zauna a kanta ba. Ki zo ki zauna.

Ƙaninki,
Tatsuro